Dokin da Babanku Ya Zuba

Kun sha jin ana cewa babanku ya taɓa yin gunki. Wasunku a bakin 'yan unguwa suka ji, wasunku a bakin juna, kuma ba wanda ya taɓa zuwa ya zauna ya tambaye ni, ni da aka yi abin a gabana. To ga shi zan faɗa ba a tambaye ni ba, tun ƙafata tana iya kai ni Harami, don kada ku gadar wa 'ya'yanku maganar da rabinta ƙarya ce. Kai kuma babbansu, wanda ba na kama sunanka, ka karanta har ƙarshe, domin kana ciki.

Garinmu Kwarin Gawo, wanda ba ku taɓa takawa ba, ƙaramin gari ne na manoma da maƙera. Ina 'yar budurwa aka yi yaƙin basasa, samari suka shiga soja, aka zuba su a motoci aka yi kudu da su. Ashirin da uku ba su dawo ba, cikinsu har da yayana Ɗanjuma, wanda shi ya goya ni ina ƙarama. Ba a kawo gawa ko ɗaya ba. Ku da kuka tashi a Makka, kullum ana sallar gawa a Harami ana wucewa da makara a gabanku, ba za ku san ciwon wannan ba. Uwa tana so ta san inda ɗanta yake kwance ko da ba za ta je ba. Innata ta yi shekara biyu tana ajiye wa Ɗanjuma tuwo a akushi, da safe ta ba kaji.

Bayan an gama yaƙi dattawan gari suka ce a yi wani abu a mahaɗar hanya wanda zai riƙe sunayen yaran. Wani tsohon soja da ya ga duniya ya ce a garuruwan da ya je doki ake yi da mahayi. Na sha dariyar wannan daga baya, domin a cikin su ashirin da ukun ban san wanda ya taɓa hawa abin da ya fi jaki ba. Amma gari ya ce wanda ya mutu a fagen fama a kan doki ake tuna shi, aka kai aikin gidan kakanku, wanda duk yankin ba wanda ya kai shi zubin tagulla. Babanku lokacin saurayi ne, ni kuma watana huɗu a gidansu. Tagullar ba saya aka yi ba. Iyayen yaran mata ne suka kawo, wannan ta tuɓe munduwa, waccan ta ɗauko tasar aurenta daga jere, har tsakar gida ya cika. Innata ta kawo tasoshi uku, ta ce me za ta yi da su. Liman ya zo ya tsaya a bakin zaure ya ce shi dai ba ya son a yi wa mahayin fuska, kakanku ya ce dama bai yi niyya ba, fuskar wa zai sa ya bar ta wa.

Wata bakwai suka yi. Da kakin zuma ake fara siffanta kowane yanki, a lulluɓe shi da yumɓu, a gasa har kakin ya narke ya fita, sannan a zuba narkakkiyar tagulla a gurbinsa. Gunduwa-gunduwa aka zuba shi aka harhaɗa. Idon kakanku ya fara rauni, saboda haka wuyan dokin da ƙirjinsa da jijiyoyin ƙafa duk hannun babanku ne. Yakan je gidan mai unguwa ya tsuguna gaban dokinsa tun hantsi har azahar yana kallo, mutane suna cewa angon nan ya zautu. Ranar da aka yaye tabarmar da aka rufe shi da ita, wata goɗiya da aka ɗaure a kasuwa ta yi haniniya ta tsinke igiya. Ni ganau ce. Doki ne a tsaye da ƙafafunsa huɗu a ƙasa, ba ya tsalle ba ya taƙama, ya ɗan sunkuyar da kai, mahayin sanye da kayan soja ya saki linzami kamar wanda ya gaji yana komawa gida. A gindinsa an sassaƙa sunayen da ajami. Har yau ban ga abin da hannun ɗan Adam ya yi da ya fi shi kyau ba, kuma na ga ƙofofin Harami, Allah ya yafe mini in na yi kuskure.

Bayan rasuwar kakanku muka zo aikin Hajji, babanku ya sami wani Bamakke mai shagon gyaran kayan tagulla a unguwar Misfala ya tsaya masa, aka yi mana iƙama, wato takardar izinin zama, muka zauna. A nan ya zauna gaban malamai ya ji abin da aka faɗa a kan masu siffanta abu mai rai, ya dawo gida ranar bai ci abinci ba. Daga ranar bai ƙara siffanta ko ƙadangare ba. Butocin gahawa da Larabawa ke ce wa dalla, kaskon turare, faranti, marfin tukunya, su ya yi ta gyarawa fiye da shekara talatin, har Larabawa suna ce masa Mu'allim Idi. In liman ya yi tafiya shi ake turawa gaba a masallacin layinmu. Hoton dokin guda ɗaya da muke da shi ya sa na cusa a ƙasan akwati, kuma bai taɓa ba ku labarinsa ba. Wannan shirun shi ne kuskurensa, ni ma na taya shi.

Shekarar da nake son ku sani ita ce wadda aka fara rushe layukan da ke gabanmu don faɗaɗa hanya, kullum ƙura a kan shanya. Da alhazai suka sauko daga Mina, wani mutumin garinmu ya yi sallama da mu. Sunansa Malam Hamisu, malamin makaranta ne mai kimanin shekara arba'in, dogo, mai natsuwa, ba irin masu kumfar baki ba. Ya kawo mini daddawa da kuka, Allah ya saka masa. Bayan an gaisa ya fito da abin da ke tafe da shi. Ya ce gari ya rabu biyu a kan dokin. Wasu mata sun fara shafa kofatonsa suna shafawa a ciki don neman haihuwa, har ƙarfen wurin ya yi ƙyalli. Matasa, da shi a gabansu, sun ce a fasa shi a sayar wa 'yan gwangwan a sa kuɗin a rufin masallaci. Tsofaffi sun ce sai dai a bi ta kansu. Da abin ya kusa kaiwa ga sanda, mai gari ya ce wanda ya yi shi yana raye, yana maƙwabtaka da Ɗakin Allah, a je a tambaye shi, abin da ya ce shi za a yi.

"Baba, ban zo don in ci maka fuska ba," in ji shi. "Kalma ɗaya muke so. Ka ce a fasa, in ɗauka a waya in kai musu. Kai ma ka huta da nauyinsa."

Kai babbansu kana zaune a wurin, lokacin kana ganin ka haddace duniya. Ka dubi babanku kamar yau ka fara ganinsa.

"Ya abuya, sanam? Kai ka yi gunki da hannunka, kuma ba mu sani ba? Halas, shi ke nan, ka ce a fasa mana. Me ake jira?"

Babanku bai dube ka ba. Ya ce wa baƙon ya ba shi kwana uku.

Kafin kwana ukun nan labari ya gama unguwa, don a Misfala in ka yi atishawa a hawa na huɗu mai shayi na ƙasa ne zai ce maka yarhamukallah. Dattawan majalisarsu suka yi ta zuwa shago ɗaya bayan ɗaya. Duk maganarsu ɗaya ce: a garin da aka kakkarya gumaka ake tambayarka, kana da wata amsa ne ban da guda? Ni kuwa na san abin da su ba su sani ba, kuma na yi rantsuwa a kansa tun ina amarya. A rana ta biyu na kai masa abincin rana shago da kaina, abin da ban saba ba. Na same shi ya sa wata dalla a gaba, guduma a hannu, bai buga ko sau ɗaya ba.

"Malam, Ɗanjuma fa," na ce.

"Na sani, Hajiya."

"In ka ce a fasa, 'yan gwangwan ne za su sa masa guduma. Su ba su san komai ba."

"In kuma na ce a bari, mata su ci gaba da shafa, ranar gobe wa za a tambaya? Ni na zuba kofaton nan."

Na ajiye kwanon na fito. Ina tafe ina kuka a titi, alhazai suna kallona suna zaton ɓata na yi.

Rana ta uku bayan la'asar falonmu ya cika. Malam Hamisu da abokan tafiyarsa biyu, dattawan unguwa huɗu, da kai. Ni ina bayan labule da butar shayi, kuma ban ga wanda ya isa ya tashe ni daga wurin ba. Malam Hamisu ya kunna wayarsa ya ajiye a kan darduma. Babanku ya yi bisimilla, ya yi salati, sannan ya yi magana da muryar da yake yi wa mai kawo gyara bayanin inda butarsa ke yoyo.

"Ni Idi ɗan Mamman maƙeri, ni na zuba dokin nan tare da mahaifina. Ban ce halal na yi ba. Malamai sun fi ni sani, na tuba tun tuni, kuma ina neman gafara har gobe. Masu shafa kofato su ji tsoron Allah su bari, tagulla ce, ni na narka ta, ba ta ba ni ko ciwon kai ba balle ɗa. Amma iyayenmu mata da suka kawo tasoshinsu ba bauta suka yi ba, kuma ba zan ce sun yi ba don a yabe ni a Makka. Sannan akwai abin da ba ku sani ba. Dokin nan cikinsa ba wayam yake ba."

Ya ce da aka gama yaƙi, hukumar soja ta aiko wa kowane gida ɗan ƙunshin abin da aka samu a kayan mamacin. Iyaye mata suka rasa yadda za su yi da su, ba gawa ba ce balle a binne, ba kuma abin da za a iya kallo kullum ba ne. Sai suka roƙi kakanku. Aka ɗinke kowane ƙunshi a cikin fata, aka zura su a cikin dokin ta wata ƙofa da ke ƙarƙashin shimfiɗar sirdi, aka toshe da ƙusoshin tagulla huɗu aka goge har ba a gani. Liman ya sa kowa ya rantse ba zai faɗa ba, don kada a mai da wurin wajen ziyara. Ni na riƙe fatun ana ɗinkewa, shi ya sa na sani. Duk waɗanda suka rantse sun mutu sai mu biyu, ni da babanku.

Daga nan ya fara kiran suna. Ba takarda a hannunsa, shekara kusan arba'in bai furta su a gaban kowa ba, amma ya jero su yadda aka jera su a cikin dokin, daga ƙirji zuwa baya. Audu na Ƙofar Gabas, ɗamararsa. Sale ɗan mai goro, carbi da cokali. Ɗanjuma na gidan Tanko, hularsa da wasiƙar da bai gama ba. A nan na saki butar shayi, ban damu da wanda ya ji ba. Ya ci gaba har ya zo na goma sha bakwai.

"Lawal na Unguwar Rimi. Ya tafi ya bar matarsa da ciki. A jakarsa an sami 'yar hular saƙa ta jariri, sabuwa, ja da fari, ya saya bai sami mai kawowa ba."

Ya ɗaga kai ya dubi Malam Hamisu.

"Ai kai ne cikin. Tun da ka yi sallama na ga tafiyar Lawal. Mahaifiyarka ta ce ba za ta iya ganin hular a kanka ba, ta kawo mini ita da hannunta."

Malam Hamisu ya ce shi bai taɓa ganin ko hoton mahaifinsa ba, sunansa kawai ya sani a gindin dokin, kuma ya daɗe da daina kallon wajen. Babanku ya ƙarasa sauran shidan, don shi ba ya barin aiki rabi, sannan ya kwatanta inda ƙusoshin suke da yadda za a cire su ba tare da an ɓata wurin ba.

"Ga hukuncina. Kada wanda ya sa masa guduma da kayan mutane a ciki. A buɗe da rana tsaka, a kira kowane gida a ba su nasu a hannu. In an gama, tagullar ta iyayenku ce, ba tawa ba, ku yi abin da kuka ga zai fisshe ku gaban Allah. Kuma kada wanda ya bugo mini waya ya gaya mini abin da aka yi. Na faɗi tawa."

Amsar nan ba ta yi wa dattawan unguwa daɗi ba. Su kalma ɗaya suka zo ji, suka ce ya yi ta kewaye-kewaye don har yanzu zuciyarsa tana wajen abin da ya ƙera. Ba su yi ƙarya duka ba, tana wajen. Daga makon nan ba a ƙara tura shi gaba a masallaci ba, ba wanda ya ce masa komai, sai dai in liman ba ya nan a kama hannun wani. Majalisar da yake zama shekara da shekaru, in ya iso sai hira ta mutu, har ya daina zuwa. Kai kuma ka ɗauke kwanonka daga nasa, wata tara kana ci a ɗaki. Ban rubuta wannan don in tona maka ba, na san ka yi nadama tun yana raye, kuma ya yafe maka tun kafin ka nema. Na rubuta ne don ƙannenka su san abin da ya biya. Da ya ce a fasa, da an ɗauke shi a kafaɗa. Yana sane ya zaɓi ɗayar, kuma ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba, sai dai ya rame, wandunansa duk sai da na rage musu ƙugu. Ni dai a shekarar nan na san wanda na aura.

Da azumi ya zo, sai ga Malam Hamisu ya dawo Umara. Ya iso gidan da hantsi, babanku yana shirin fita shago. Ya ce ya san an hana shi waya, amma ba a hana shi zuwa da ƙafarsa ba. Kai ma ranar kana gida, ka tsaya a bakin ƙofa kamar mai shirin fita, amma ba ka fita ba.

Ya ce an buɗe ranar wata Juma'a bayan an sauko, gari duka yana tsaye. Ƙusoshin suna daidai inda aka ce. Ƙunshi ashirin da uku, fatar ta bushe ta yi tauri amma ba abin da ya taɓa na ciki. Aka yi ta kiran gidaje, wani ƙane ya karɓa, wani jika. Na Ɗanjuma ɗan ƙanwata ne ya karɓa. Shi kuma Malam Hamisu ya warware nasa a gaban mutane, ya ce hular ko dunƙulen hannunsa ba za ta rufe ba. Matasansa suna tsaye da guduma suna jiran a gama. Sai wata tsohuwa, ƙanwar Sale ɗan mai goro, ta dubi carbin yayanta ta dubi cokalin, ta ɗaure su yadda suke, ta taka ta miƙa hannu ta mayar cikin dokin. Ta ce a gidanta ɓera zai ci, a nan kuwa yana tare da abokan tafiyarsa. Ba wanda ya yi shawara da wani. Ɗaya bayan ɗaya kowa ya mayar da nasa.

"Ni ne na ƙarshe, Baba," in ji shi. "Na daɗe a tsaye. Sannan na mayar, na karɓi guduma a hannun yarana, da ita na buga ƙusoshin. Mun kewaye shi da shingen ƙarfe, hannu ba ya kaiwa ga kofato. Liman ya yi huɗuba a kai, shafa ta ƙare."

Babanku ya ce alhamdu lillahi, ya sunkuyar da kai. Na zaci an gama, har na tashi. Amma Malam Hamisu bai motsa ba. Ya ce akwai saura. Wata biyu da suka wuce 'yan fashin daji sun zo satar shanu, samarin gari masu sintiri suka bi su cikin daji, biyar ba su dawo ba, kuma ba a sami gawarsu ba. Biyu daga cikinsu ɗalibansa ne, suna cikin masu riƙe da guduma ranar Juma'ar nan. Iyayensu mata suka zo gidansa da hulunan yaran a ƙunshe, suka ce sun ji shi ya san yadda ake buɗewa.

"Na buɗe musu, Baba. Ban san ko na yi daidai ba."

Hawaye yana bin gemun babanku, bai share ba, shi da ban taɓa ganin kukansa ba ko ranar da aka binne mahaifinsa. Sannan ya yi tambaya irin ta maƙeri.

"Da sauran wuri a ciki?"

"Da saura da yawa, Baba. Kun yi shi da faɗi."

"To," in ji babanku. "Allah ya sa kada ya cika."